Daga Fagen Farauta Zuwa Kundin Nasaba: Tarihin Zaɓen Irin Kare

A ranakun 28 da 29 ga watan Yuni na 1859, an yi wani taro a birnin Newcastle da ke arewacin Ingila wanda ba a saba ganin irinsa ba. A gefen wani baje kolin kaji aka keɓe wuri, aka jera karnuka kimanin 60, dukansu na farautar tsuntsaye, iri biyu kacal: Pointer da Setter. Ba a kai su daji ba, ba a sa su bin sawun ko da tsuntsu guda ba. Alƙalai sun zagaya ne suna duban kai da ƙirji da ƙafafu da wutsiya, suka fitar da gwani da ido. Kyautar kuwa bindigogi ce, waɗanda wani maƙerin bindiga na garin ya bayar. Wanda karensa ya lashe ɓangaren Setter yana cikin alƙalan Pointer, wanda ya lashe na Pointer kuma yana cikin alƙalan Setter.

Daga wannan ɗan taro masana tarihi ke fara lissafin gasar karnuka ta zamani, kuma daga nan ne wata sabuwar al'ada ta kankama: mutum ya zaɓi kare saboda sunan irinsa da takardar asalinsa. A yau babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, mai hedikwata a ƙasar Beljiyam, tana da iri sama da 350 a rajistarta. Mafi yawansu, a siffar da aka san su da ita yanzu, ba su cika shekara 200 ba. Dubban shekarun da suka gabaci wannan lokaci, abin da mai neman kare ke fara tambaya shi ne wane aiki zai yi masa.

Zamanin da aiki ke raba kare da kare

Kare ne dabbar farko da ɗan Adam ya sabar da ita, tun kafin tunkiya da akuya da saniya. Daga kyarkeci ya samo asali. A 1914 masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bonn na Jamus, suka tono wani kabari mai ɗauke da ƙasusuwan mutum biyu da na kare, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 14,000. A duwatsun Tassili da ke tsakiyar Sahara akwai zane-zanen maharba da karnukansu tun zamanin da yankin ke da ciyawa da tafkuna. A Masar kuma, Fir'auna Intef na biyu, wanda ya yi mulki shekara 4,000 da ɗoriya da suka wuce, ya sa an sassaƙa hotunan karnukansa a dutsen kabarinsa, kowanne da sunansa.

Duk inda aka duba a tsohon tarihi, da sana'a ake rarraba karnuka. A 1570 wani likita a Ingila, John Caius, ya rubuta ɗan littafi da Latin kan karnukan ƙasarsa, ya kasa su bisa abin da suke yi: masu bin wari, masu kora da gudu, masu shiga rami, masu ɗauko tsuntsu daga ruwa, masu kiwon tumaki, masu gadi. Har da wani ɗan gajeren kare mai dogon jiki da ake ajiyewa a ɗakin girki na manyan gidaje. Ana sa shi cikin wata gargare ta katako da ke maƙale a bango, yana gudu a ciki, ita kuma tana juya tsinken ƙarfen da aka soke nama a gaban wuta. Da injin juya gashi ya yawaita a ƙarni na 19, sai wannan kare ya ɓace ɗungurungum. Aikinsa ya ƙare, ba wanda ya ga dalilin ci gaba da kiwonsa.

Malaman fiƙihu ma da wannan ma'auni suka yi hukunci. Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo wa mai ita, kuma hadisai a Bukhari da Muslim sun keɓe karen farauta da na kiwo da na gona daga gargaɗin tauye ladar mai ajiye kare. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 kuma har yau ake karanta shi a zaurukan ƙasar Hausa, ya iyakance ajiye kare ga tsaron shuka, da rakiyar dabbobi, da farautar neman abinci. Ya kuma ambaci hanin sayar da kare, tare da saɓanin malamai game da wanda aka yi izinin ajiyewa. Masu sharhin littafin suna ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye karen gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a wannan yanki, jikin kare mai rai ba najasa ba ne.

Mafarautan ƙasar Hausa a kan wannan turba suke har gobe. Idan kaka ta wuce aka fita farautar rani, ba wanda ke tambayar takarda. Ana duba ƙafa da ƙirji da hanci, ana tambayar wace karya ce ta haife shi, shin uwar tana kamu, shin uban yana tsayawa ko yana tsorata. Nasaba ce wannan ma, sai dai a ka take, kuma daji ne ke tantance ta duk shekara.

Yadda Ingila ta mai da siffa doka

Abubuwa da dama ne suka haɗu a Ingila ta ƙarni na 19. Masana'antu sun tara wa wasu mutanen birni kuɗi da lokacin hutu. Jirgin ƙasa ya sa ana iya ɗaukar kare daga wannan gari zuwa wancan a yini guda. Manoma sun riga sun saba da gasar shanu da tumaki da kaji. Sannan a 1835 majalisar dokoki ta haramta wasan haɗa kare da bijimi, wanda saboda shi ake kiwon Bulldog. Wannan kare da aka sani da ƙarfin muƙamuƙi da zafin nama ya rasa sana'a, amma shi bai bi sawun karen ɗakin girki ba. Fagen gasa ya karɓe shi.

Matsalar gasa ita ce rigima. Kowane alƙali da abin da ke burge shi, kowane mai kare kuma gani yake an zalunce shi. John Henry Walsh, likitan tiyata da ya koma editan mujallar The Field, kuma ɗaya daga alƙalan Newcastle, shi ya kawo mafita. A 1865 mujallarsa ta buga hoto da bayanin wani Pointer mai suna Major, ta rarraba jikinsa gaɓa-gaɓa, ta ba kowace gaɓa maki. Daga nan aka samu abin da ake kira ma'aunin iri: rubutacciyar siffa da za a auna kowane kare da ita. Kafin wannan, karnukan yanki guda masu aiki guda sukan bambanta a girma da launi da tsawon kunne, ba wanda ya damu. Bayansa, duk wanda ya kauce wa rubutun ya zama mai aibi.

A ranar 4 ga Afrilu 1873, ɗan majalisa Sewallis Shirley da wasu mutum 12 suka kafa Kennel Club a Landan. Shekara guda bayan haka suka fitar da kundin nasaba na farko, mai ɗauke da karnuka sama da 4,000 da suka shiga gasa tun daga 1859. Kundin ya zo da magani ga wata cuta ta gaske, domin a lokacin ana yawan canza wa kare suna a sake sayar da shi, ana rina gashi, ana datse kunne don a ruɗi alƙali. Amurka ta kafa tata ƙungiyar a 1884, sannan a 1911 ƙasashen Jamus da Ostiriya da Beljiyam da Faransa da Holan suka haɗu suka kafa FCI. Sannu a hankali aka rufe kundayen: kare ba ya shiga sai uwarsa da ubansa suna ciki.

Kasuwa ba ta yi jinkiri ba. Wajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka a Landan, abincin kare na farko da aka yi a masana'anta. Ya ɗauki wani yaro, Charles Cruft, aiki a kamfanin. Cruft ya lura cewa duk inda aka yi gasa, cinikin biskit yana ƙaruwa, sai ya shiga shirya gasar da kansa. A 1891 ya buɗe wadda ke ɗauke da sunansa a unguwar Islington, inda aka yi rajistar shiga 2,437 daga iri 36. Sarauniya Victoria ta aiko da nata karnukan, suka ci kyauta. Gasar Crufts tana nan har yau a Birmingham, tana tara karnuka wajen 20,000 duk shekara.

Abin da fada ta riƙa, shi gari ke so. Da sarauniyar ta dawo daga Florence a 1888 da ƙananan karnukan Pomeranian, sai masu kiwo suka dinga rage girman irin don ya yi kama da nata. Mulkin mallaka ma ya kawo nasa kason. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe tsohuwar fadar bazara ta sarkin Sin a wajen Beijing, suka kwaso 'yan karnuka biyar na gidan sarauta. Wani kyaftin ya miƙa wa Victoria ɗaya. Ta haka Turai ta fara sanin irin da ake kira Pekingese.

Karnukan Jamus da suka cika duniya

Yawancin karnukan gadi da ake gani a bayan ƙyauren manyan gidaje a Abuja da Kaduna da Yamai, tarihinsu yana komawa Jamus. Karl Friedrich Louis Dobermann mai karɓar haraji ne a garin Apolda, kuma shi ke kula da wurin tsare karnukan da ba su da masu su. Yawo da jakar kuɗin hukuma yana da haɗari, don haka ya haɗa wa kansa kare mai tsayi da kwarjini, wanda bayan rasuwarsa a 1894 aka sa wa sunansa. Rottweiler kuwa karen mahauta ne na garin Rottweil, mai kora shanu zuwa kasuwa da jan amalanken nama. Jirgin ƙasa ya ƙwace masa aiki har ya kusa ƙarewa, sai aikin 'yan sanda ya farfaɗo da shi a farkon ƙarni na 20.

Mafi shahara a cikinsu, German Shepherd, yana da ranar haihuwa sananniya. A 1899 wani tsohon hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, ya ga wani kare mai kama da kyarkeci a gasar Karlsruhe. Ya saye shi a kan mark 200, ya canza masa suna zuwa Horand von Grafrath, kuma a ranar 22 ga Afrilu ya kafa ƙungiyar karen makiyayan Jamus. Horand ne lamba ɗaya a kundinta. Don a kafe siffarsa, an yi ta haɗa 'ya'yansa da jikokinsa da junansu, ta yadda kusan duk German Shepherd da ke duniya yau daga tsatsonsa yake.

Von Stephanitz mutum ne mai kishin aiki. Ya dage cewa amfani da basira su ne gaba da kyan gani, ya sa dokar jarraba kare kafin a yarda a yi kiwo da shi. Da ya ga kiwon tumaki yana ja baya, sai ya tallata karen ga soja da 'yan sanda. A yaƙin duniya na farko karen ya kai saƙo, ya nemo masu rauni, kuma a 1916 aka buɗe makarantar horar da karnukan ja-gorar makafi a Oldenburg saboda sojojin da suka rasa idanunsu. Wani sojan Amurka, Lee Duncan, ya tsinci ɗan kwikwiyo a wani rusasshen sansani a Faransa a 1918, ya tafi da shi gida. Shi ne Rin Tin Tin, wanda finafinansa suka cika aljihun kamfanin Warner Bros, suka kuma sa kowa yana son irinsa. Turawan Ingila, da ba sa son jin sunan Jamus bayan yaƙi, suka kira shi Alsatian, sunan da ya bi su zuwa Najeriya da Ghana ya zauna.

Abin da rufe kundi ya jawo

Idan aka hana jini sabo shiga, kuma kowa ya ruga wajen namiji guda da ya ci gasa, to abin da ke ɓoye a jikinsa, mai kyau da marar kyau, zai bazu ga dubban jikoki. Masu bincike a Imperial College ta Landan sun bi kundin Kennel Club suka gano a 2008 cewa karnukan Boxer wajen 20,000 da ke Ingila, ta fuskar bambancin ƙwayoyin gado, daidai suke da karnuka 70 kawai.

Ga kuma wuce gona da iri a siffa. Ma'auni ya ce Bulldog ya kasance mai babban kai da gajeren hanci, sai kowane mai kiwo ya so nasa ya fi na maƙwabci. Wanda ya duba zanen Bulldog na farkon ƙarni na 19 zai ga kare mai dogayen ƙafafu da hanci sosai. Na yau da ƙyar yake numfashi idan ya yi ɗan gudu, kuma wani bincike a Ingila ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na haihuwarsa sai an yi wa uwar tiyata, saboda kan kwikwiyon ya fi ƙarfin ƙugunta. German Shepherd na gasa an yi ta karkatar da bayansa har tafiyarsa ta canza, ga ciwon kwatangwalo da ya yi masa katutu. Ɗan ƙaramin Cavalier King Charles Spaniel yana fama da ciwon zuciya na gado, da wata cuta da ke samuwa saboda ƙoƙon kansa ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan.

A watan Agusta na 2008 BBC ta nuna wani shiri mai suna Pedigree Dogs Exposed wanda ya fito da waɗannan abubuwa fili. Hankalin jama'a ya tashi. BBC ta daina nuna gasar Crufts, Kennel Club ta sake duba ma'aunanta, kuma daga 2009 ta daina rajistar kwiyakwiyin da aka samu tsakanin uwa da ɗa, uba da 'ya, ko wa da ƙanwa. A Norway maganar har kotu ta kai, kuma a 2023 kotun ƙoli ta tabbatar da haramcin kiwon Cavalier a ƙasar.

Labarin Dalmatian, farin kare mai ɗigo-ɗigon baƙi, ya nuna yadda takarda ta fi lafiya daraja a idon wasu. Duk irin yana ɗauke da wata tawaya ta gado mai haddasa tsakuwa a mafitsara. A 1973 wani masani a Amurka, Robert Schaible, ya haɗa Dalmatian da Pointer sau ɗaya tak, ya samo lafiyayyar ƙwayar gadon, sannan ya ci gaba da mayar da zuri'ar cikin Dalmatian. Maganin ya yi aiki. Amma sai a 2011, bayan shekara 38, ƙungiyar Amurka ta amince ta karɓi jikokin a kundinta.

Karnukan Afirka a kundin Turai

Afirka ma ta ba da nata. A gasar Crufts ta 1895 an nuna wasu karnuka biyu daga wannan nahiya masu tsayayyun kunnuwa da naɗaɗɗiyar wutsiya, amma cuta ta kashe su ba da jimawa ba. Sai a shekarun 1930 aka yi nasarar kafa irin a Ingila da karnukan da aka kawo daga Kwango, aka kira shi Basenji, karen da ba ya haushi irin na sauran. Da 'yan ƙalilan aka fara, aka rufe kundi, ciwon ƙoda na gado ya bazu. A 1987 da 1988 masu kiwo daga Amurka suka koma ƙauyukan Kwango, wadda a lokacin ake kira Zaire, suka sayo karnuka daga hannun mafarauta, kuma a 1990 aka buɗe kundin don a shigar da su.

Wanda ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne Azawak. Sunan na wani faffaɗan kwari ne, gadon tsohon kogi da ya ƙafe, wanda ya ratsa arewacin jihar Tahoua a Nijar da yankin Menaka a Mali, ya gangara ta Dallol Bosso zuwa kogin Kwara. A nan Buzaye da Fulani, da Hausawan da ke maƙwabtaka da su, suke riƙe da wani siririn kare mai dogayen ƙafafu, wanda tsayinsa ya fi tsawon jikinsa. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kuma kilo 20 zuwa 25 kacal. Fatarsa sirirya ce, gashinsa gajere, ana ganin haƙarƙarinsa da ƙasusuwan ƙugunsa ko da yana cikin ƙoshin lafiya. Wanda bai san shi ba zai ɗauka yunwa ce. Wannan ƙira ce ke ba shi damar gudu a tsakar rana, cikin zafin da zai kayar da karen Turai.

Aikinsa biyu ne. Da dare yana gadin zango da garke daga kura da dila da baƙon da ba a sani ba. Da rana kuma yana korar zomo da barewa, sau da yawa tare da 'yan'uwansa. Yana shaƙuwa da mutanen gidansa matuƙa, yana kuma ja da baya daga wanda ba nasa ba. Abincinsa na gida ne, gero da nono da abin da ya samu a daji. A al'adar makiyayan, kyauta ake bayar da shi.

Ta hanyar kyautar ce ma ya isa Turai. A farkon shekarun 1970 wani jami'in diflomasiyyar Yugoslabiya da ke aiki a yankin ya koma gida da shi, sojoji da ma'aikatan Faransa su ma suka tafi da nasu. Da farko an haɗa shi da Sloughi na Arewacin Afirka, sai a farkon shekarun 1980 FCI ta ware masa ma'auninsa, mai lamba 307. Takardar ta ce asalinsa iyakar Mali da Nijar, amma ƙasar da ke riƙe da ma'aunin ita ce Faransa. Saboda karnukan farko da suka isa can ja-ja ne masu fararen ƙafafu, sai ma'aunin ya taƙaita launukan da aka yarda da su, alhali a Sahel ana samun su kala-kala. Kare na iya fitowa daga tsakiyar kwarin Azawak a ce bai cika sharaɗin zama Azawak ba. Ƙungiyar Amurka, wadda ta ba shi cikakkiyar rajista a ranar 1 ga Janairu 2019, ta yarda da kowane launi.

Mai saye a yau

A biranen Najeriya da Nijar, matsalar tsaro ta sa kasuwar karnukan waje ta buɗe. Bayan na Jamus, ana neman Boerboel, ƙaton karen gonakin Afirka ta Kudu, da Caucasian Shepherd, wanda aka yi don tsaron tumaki a duwatsun Jojiya masu ƙanƙara. Namijinsa ba ya gaza kilo 50, ga gashi ninki biyu. Kare ba ya zufa ta fata kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, irin wannan kare yana cikin wahala, mai gajeren hanci kuma ya fi shi shiga haɗari. Ga kaska. Akwai wata cutar jini da take yaɗawa, wadda aka fara ganowa a Aljeriya a 1935, kuma ta fi tsanani a jikin German Shepherd. Ita ce ta hallaka karnukan sojan Amurka masu yawa a yaƙin Vietnam.

Shi ma halin da ake saye saboda shi, sunan iri ba ya lamunce shi. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a Amurka, inda aka tattara bayanan karnuka sama da 18,000, aka kuma karanta ƙwayoyin gadon sama da 2,000. Sakamakon ya nuna iri yana bayyana kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Yana faɗin girma da gashi da siffa sosai, yana ɗan nuna saurin karɓar horo, amma game da saurin faɗa kusan ba ya faɗin komai. Abin da likitocin dabbobi ke nanatawa shi ne a ga uwar kwikwiyon da ido, a san yadda aka raine shi, a auna faɗin gida da kuɗin abinci da lokacin fita da shi na shekara goma ko fiye, a kuma karɓi katin rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana yin allurar wannan ciwo, kuma karen takarda da na gida duk suna bukatarta.

Shi karen gida, wanda ake rainawa a kasuwa, kimiyya ta fara waiwayarsa. Mafi yawan karnukan duniya irinsa ne, ba su cikin kowane kundi. A 2009 wani bincike kan karnukan ƙauye a Masar da Uganda da Namibiya ya nuna yawancinsu tsohon jini ne na nahiyar mai yalwar bambanci, ba ragowar karnukan Turawa ba. A 2018 masana daga Sin da Najeriya suka karanta ƙwayoyin gadon karnukan gida 15 na Najeriya, suka samu alamun cewa dubban shekaru na zama a nan sun ƙarfafa garkuwar jikinsu a kan cututtukan ƙasashe masu zafi.

Makiyayan wannan yanki sun san darajar iri tun da daɗewa. Suna bambanta Bunaji da Rahaji da Gudali, Balami da Uda, kuma a Nijar tashar Toukounous ta shafe shekaru da dama tana kula da shanun Azawak, kamar yadda ake kula da jar akuya a Maraɗi. Karen da ke gadin waɗannan shanu bai samu irin wannan gata ba. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya karya garkuna ya tura makiyaya da yawa gefen birane, barewa ta yi ƙaranci, kuma rikicin da ya ɓarke a arewacin Mali tun 2012 ya tarwatsa zanguna a ɓangarori biyu na iyaka. Masu kiwon Azawak a Turai da Amurka, waɗanda suka fara da karnuka 'yan ƙalilan, sun daɗe suna dogara da sabon jini daga Sahel don kada abin da ya sami Basenji ya same su. Hanyoyin da suke bi a da yanzu sun yi wuyar shiga, kuma abin da ya rage na asalin irin yana hannun makiyaya da mafarautan Abalak da Tchintabaraden da Menaka.